Sabuwar yarjejeniyar teku ba za ta ceci kifin shak ba

Tun da ƙasashe 60 suka amince da yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku, wato ruwan da ba ya cikin iyakar kowace ƙasa, a watan Satumbar 2025, ake ta guɗa kamar an gama aiki. Masu wannan murna su koma su karanta sashe na 5: ya ce kada yarjejeniyar ta raunana hukumomin da ke akwai. Wato ragamar kamun kifi tana nan a hannun waɗanda suka ƙarar da kifin.

A duba shak ɗin da ake kira mako mai gajeren fiffike. A 2017 masanan hukumar ICCAT, mai kula da kamun tuna a Tekun Atlantika, suka ba da shawarar a hana jiragen masunta kawo shi gaɓa idan sun kama shi a arewacin tekun. Macensa kan kai shekara 18 kafin ta fara haihuwa, ga goyon ciki na wata 15 zuwa 18, don haka ɓarnar yau sai bayan shekaru da dama ake gyara ta. A Agustan 2019 Tarayyar Turai ta mara baya aka sa shi a jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar da ke kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, jerin da ke buƙatar shaidar cewa cinikinsa ba zai cutar da jinsin ba. Wata uku kacal bayan haka, a taron ICCAT, Senegal da Kanada suka nemi haramcin, Tarayyar Turai da Amurka suka tokare. Sai a 2021 aka yarda.

Abin da ke ba ni haushi ke nan: gwamnati ɗaya, baki biyu. Ma'aikatar muhalli ke zuwa CITES, ta kamun kifi ke zuwa ICCAT. Jami'in da zai sa hannu a takardar shigo da abin da aka kamo daga tsakiyar teku ba shi ke riƙe da alƙaluman kamu ba, kuma galibin jiragen da ke baza igiya mai dubban ƙugiyoyi ba su da mai sa ido a ciki. Kifin da aka jefar matacce da wuya ya shiga lissafi.

Masu cewa CITES ta tsaya kan giwa da karkanda ta bar wa masunta teku, sun ga abin da masuntan suka yi da shi.

A tilasta wa ICCAT miƙa alƙaluman kamu ga jami'an CITES, a kuma hana takardar fitarwa ga duk jirgin da bai bayyana abin da ya jefar ba.