Sunan Babban Mutum Ba Ya Tabbatar da Kyautar Kirifto

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk sanarwar rabon kuɗin kirifto (kuɗin intanet irin su Bitcoin) da ta fito daga shafin sanannen mutum gaskiya ce, alhali ba haka ba ne. A ranar 15 ga Yulin 2020, 'yan damfara sun kutsa shafukan Twitter na Barack Obama da Elon Musk, suka yi alkawarin ninka duk Bitcoin ɗin da aka tura musu, suka kwashe sama da dala 100,000. Kuɗin kirifto kuwa idan ya fita, babu bankin da zai dawo da shi. Rabon gaske ba ya buƙatar ka fara tura komai, ballantana ka bayar da kalmomin sirri 12 ko 24 da ke buɗe asusunka na kirifto.