Tramol ba ƙarfi yake ƙara maka ba, ɗan uwa

Ƴan uwana matasa, musamman masu dako a babbar kasuwar Gombe da leburorin gini da masu jan keke napep, maganar nan ta "sai na watsa ɗaya nake iya aiki" dan Allah mu dube ta da kyau. Ƙwayar nan ba ƙugunka take zuwa ta gyara ba, kai tsaye ƙwaƙwalwa take nufa.

Kuma ba hasashe ba ne, an gani da na'ura. Tun 1973 aka gano akwai wasu gurabe a ƙwaƙwalwa da magungunan kashe zafi irin su mofin ke maƙalewa, gurabe ne da Allah ya tanada wa sinadarin rage zafi da jiki ke haɗawa da kansa, toh nan tramol da kodin suke zuwa su zauna. A 2011 masu bincike a Jami'ar Oxford sun sa mutum 22 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta MRI, suna ɗana musu zafi a ƙafa suna kuma sa musu remifentanil ta jijiya, maganin kashe zafi ne dangin su mofin mai ƙarfin gaske. Da aka sa ba su sani ba zafin ya ɗan ragu, da aka ce musu an sa sai sauƙin ya ninka, da aka yi musu ƙaryar an cire alhali yana nan yana shiga, wallahi zafin ya dawo kusan yadda yake da farko, kuma hoton ya nuna sassan da ke karɓar zafi suna tashi suna kwantawa daidai da abin da aka gaya musu. Kaga kenan wani kaso na "cajin" da kake ji, zuciyarka ce ta riga ta sa rai.

Ciwon bayan kuwa yana nan, saƙonsa kawai aka toshe, kai kuma kana ta ƙara masa buhu.

A asibiti tramol mai miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, a lungu mai 225 ake sayar maka. Jiki ya saba sai ka ƙara, nan ne ake fara faɗuwa ana jijjiga kamar mai farfaɗiya, in kuma aka haɗa da ƙwayar barci wajen da ke kula da numfashi a gindin ƙwaƙwalwa ma yana iya yin sanyi, mutum ya kwanta bai tashi ba.

Wanda ya riga ya yi nisa kar ya yanke rana ɗaya, zai sha wuya ya koma. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ka faɗa wa likita gaskiyar nawa kake sha a rana, a hankali ake rage shi.