Hannu ya iya, saura ido

Ƙannena da kuka fara riƙe sitiyari, ku ba ni aron kunnenku. Sauya giya, yin ribas, fakin a matsattsen wuri, duk hannu da ƙafa kan iya su cikin 'yan makonni. Ido ne ke daɗewa bai ƙware ba, kuma shi ake mantawa da zarar lasisi ya shigo aljihu.

Sabon direba kan kafe ido a bayan motar da ke gabansa. Tsohon hannu kuwa yana hangen nesa, yana leƙa madubi, yana tambayar kansa abin da aka ɓoye masa. Bas ta tsaya tana sauke fasinja, to wani na shirin tsallakawa ta gabanta. Ƙwallo ta gangaro titi, yaro na biye da ita. Mota ce a gefen hanya, ga mutum a ciki, tayoyin gaba sun karkato: ko ya cusa kai, ko ya bankaɗo ƙofa. Da ka ga irin wannan, ɗage ƙafa daga totur ka kai ta saman birki, tun komai bai faru ba.

Ku yi lissafin da kanku. A gudun kilomita 60 a awa, mota na cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, kuma kafin ido ya gani ƙafa ta taka, daƙiƙa ko fiye ta wuce. In ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu. Leƙa waya na daƙiƙa uku, mita 50 ke nan ka tafi a makance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'inku ke nan fa.

Hangen nan koyonsa ake yi, ba a haihuwar mutum da shi. A Birtaniya tun 2002 ba a ba da lasisi sai an ci jarrabawarsa, inda ake nuna bidiyon hanya, mutum ya danna da zarar ya hango haɗari na tasowa. Kai ma nemi gogaggen direba ya zauna gefenka, kana tuƙi kana faɗin duk abin da ka hango da baki, shi kuma yana nuna maka wanda ya wuce ka. Za ka ji kunya a ranar farko, don abin da ya wuce ka zai fi wanda ka kama yawa. Ko a kujerar fasinja kake, ci gaba da yi.