Chaplin a Bologna, ni kuwa kalangu nake ji

Shekarata shida ke nan a Bologna ta ƙasar Italiya. Duk ƙarshen watan Yuni garin kan cika da baƙi saboda bikin tsofaffin finafinai da suke kira Il Cinema Ritrovato, wanda aka fara tun 1986. Da dare akan kafa ƙaton allo a dandalin Piazza Maggiore, a jera kujeru, kowa ya zo ya kalla kyauta. Na daɗe ina ratsa wurin ban tsaya ba. Fim ɗin bebe, baƙi da fari, me zan tsinta a ciki? Sai da wani abokin aikina ya matsa mini ranar da za a nuna The Gold Rush na Charlie Chaplin, fim ɗin 1925, sannan na je.

A gindin allon makaɗa ne zaune reras, masu gogen Turawa, masu busa, masu ganguna, kowa da takardarsa a gabansa. Jagoransu yana tsaye da 'yar siririyar sanda, ido ɗaya a kan takarda, ɗaya a kan allo. Labarin masu neman zinariya ne a ƙasar ƙanƙara. Yunwa ta ci Chaplin da abokinsa a wata bukka har ya dafa takalminsa, ya zuba a faranti da ladabi kamar mai karɓar baƙon sarki. Ya naɗe igiyar takalmin a cokali kamar taliya, ya tsotse ƙusoshin kamar ƙashin kaza. Kiɗan kuwa a nan ya yi laushi, irin na liyafar manya, shi ya ƙara wa abin dariya. Can yunwa ta juya wa abokin kai, ya fara ganin Chaplin a siffar ƙatuwar kaza, sai ganguna suka ɗauka. Na yi dariya har da hawaye, ba tare da an furta kalma ɗaya ba.

A hanyar gida na gane cewa wannan kallon ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun shekara da shekaru suna cika silima a Kano, su Plaza da Marhaba, suna kallon finafinan Indiya ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Fuska, tafiya da kiɗa suke karantawa, kuma su fito su ba ka labarin tiryan-tiryan. Fassarar Hausa daga baya ta zo. Ga kuma majigi na zamanin Turawa, da mai bayani riƙe da lasifika yana cike gurbin abin da hoto bai faɗa ba.

Inda muka bambanta shi ne mazaunin dariyar. Tamu a baki take. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya iya sarrafa jiki, amma ka kashe sautin fim ɗinsa ka gani, rabin daɗin ya tafi. Haka Samanja da Hausarsa ta barikin soja. Mu mutanen habaici ne da zambo da baƙar magana. Chaplin kuwa gira da ƙafa ya ɗora wa kayansa, shi ya sa Bature da Bahaushe suka zauna kujera ɗaya suna ƙyalƙyala dariya lokaci guda.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai game da makaɗan nan, duk ƙwarewarsu. Bayin allo ne. Fim ba ya jiran kowa, in Chaplin zai zame a daƙiƙa kaza, dole mai ganga ya buga a daƙiƙar, ko jama'a sun gama dariyar baya ko ba su gama ba. Chaplin ya rasu tun 1977, ba ya jin su. Ku kwatanta da filin dambe. Mai kalangu yana kallon ɗan dambe, ɗan dambe yana jin takensa, tsuma ta kama shi, kiɗan ya canza abin da zai faru a fili. Abin da ke tsakanin Ɗan Anace da Shago ke nan. A can kiɗa yana tura mutum, a nan yana binsa a baya.

Shi ya sa na fi son ƙananan ɗakunan bikin, inda mai fiyano ɗaya tak ke zama ya bi fim da ka, ba takarda. Yana jin ɗakin. In dariya ta yi yawa ya sassauta, in an yi tsit ya zuga. Wannan ya fi kusa da makaɗanmu.

Da ni ke da iko, farin bango zan samu a wata unguwa a Kano, da janareta, da masu kalangu biyu. In sa musu wurin nan da bukkar ke lilo a bakin rami, Chaplin da abokinsa suna rarrafe suna neman ƙofa. Kalangu yana magana, zai yi wa mai rarrafen kirari, ya kuma yi masa dariya. 'Yan kallonmu ma ba sa zama shiru, tun bukkar ba ta karkata ba wani zai ƙwala daga baya: "Kai, Malam, koma can gefen!"