Nasiha ga Mai Son Ƙwallo: Kada Ka Saki Sana'ar Hannunka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan nasiha ce ga ƙannenmu da suka sa rai da ƙwallo, da iyayen da ke kallon takalmin wasa yana korar littafi da kayan aiki daga hannun 'ya'yansu.

Ya zo a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya ce babu wanda ya taɓa cin abincin da ya fi alheri kamar wanda ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawud (AS) daga aikin hannunsa yake ci. Ga annabta ga sarauta, amma yana ƙera sulke. To wane ne kai da za ka ji kunyar riƙe sifana saboda ka iya yanka?

Ku dubi Tom Finney, shahararren ɗan ƙwallon Ingila. Ba musulmi ba ne, amma a rayuwarsa akwai abin lura ga mai hankali. An haife shi a garin Preston na Ingila a 1922, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan ƙarami. Yana shekara 14 ya shiga koyon gyaran famfo. Da ƙungiyar Preston North End ta nemi ɗaukarsa, mahaifinsa ya kafe cewa sai ya gama koyon sana'arsa tukuna. Yaron ya bi maganar uba. Kafin ya ankara Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka dakatar da gasa, aka tura shi Masar da Italiya yana tuƙa tankar yaƙi. Bai buga wasansa na farko a babbar gasa ba sai 1946, yana da shekara 24. Shekarun da jinin ɗan wasa ke tafasa sun tafi a abin da bai taɓa lissafi da shi ba. Haka ƙaddara take, ba ta neman izinin kowa.

Daga nan ya buga wa Preston wasa 433 a gasar, ya ci ƙwallo 187. Ingila kuwa ya buga mata wasa 76 da ƙwallo 30, ya je gasar cin kofin duniya sau uku. Sau biyu aka zaɓe shi gwarzon shekara, a 1954 da 1957. Duk da haka yana riƙe da aikin famfonsa tare da ɗan'uwansa, har jama'a suka laƙaba masa mai gyaran famfo na Preston.

Me ya sa? Saboda a wancan zamani akwai dokar da ta ƙayyade albashin ɗan wasa. Komai iyawarka, akwai iyakar da ba za ka wuce ba, kuma idan an tafi hutun ƙarshen kaka sai a rage. A 1952 Finney fam 14 yake karɓa a mako. A shekarar ne ƙungiyar Palermo ta Italiya ta yi masa tayin fam 10,000 kuɗin sa hannu, da fam 130 a wata, da gida da mota. Ku lissafa: kuɗin sa hannun kaɗai ya kai albashinsa na kusan shekara 14. Shugabannin Preston suka ce ba inda zai je, maganar ta mutu a nan. Ba shi da ta cewa, domin rajistarsa a hannun ƙungiya take, ko kwantiragi ya ƙare ba ka tafiya sai sun sake ka. Ba a soke dokar albashin ba sai 1961, shekara ɗaya bayan ya ajiye takalmi. Abin da ba rabonka ba, ko ya zo bakin ƙofa sai ya juya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan bai ɓata masa hali ba. Ɗan wasan gefe ne, masu tsaron baya suna sassare masa ƙafa kowane mako, amma alƙalin wasa bai taɓa rubuta sunansa don gargaɗi ba, bai taɓa korarsa ba. Mu da aka karantar da mu cewa jarumi shi ne mai mallakar kansa yayin fushi, ina muke idan an taka mu a fili?

Ƙanena, ba wanda ya ce ka bar ƙwallo. Amma atisaye awa biyu ne ko uku, sauran yinin ina yake tafiya? Zaɓi sana'a ɗaya, walda ko wayarin ko ɗinki ko gyaran waya, ka zauna gaban maigida har ya yaye ka, domin rabin sana'a ba ya ciyar da gida. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Tambayi tsawon kwantiragin, da wanda zai biya magani idan gwiwa ta tashi, da ko albashi zai ci gaba kana jinya, da sharaɗin barin ƙungiyar. A nan ake cutar yara, ba a fili ba. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya kai ka gwaji Turai, tsaya ka bincika kafin mahaifinka ya sayar da gona. Kuma lokacin atisaye bai isa ya ture La'asar da Magariba ba. An hore mu da ribatar ƙuruciya kafin tsufa, da lafiya kafin ciwo.

Ciwon matsematsi ne ya tsayar da Finney a 1960, yana da shekara 38. Shekara ta zagayo Preston ta faɗo daga babban rukuni, har yau ba ta koma ba. Shi kuwa ya koma kan aikinsa na famfo, wanda ya bunƙasa har yana ɗaukar ma'aikata. Da matarsa ta kamu da ciwon mantuwa a tsufansu, shi ya tsaya yana jinyarta har ta rasu a 2004. Shekara 14 ya yi yana buga gasa, sannan ya ƙara kusan shekara 54 a duniya bayan tafin 'yan kallo ya ɗauke, har ya rasu a watan Fabrairun 2014 yana da shekara 91.