Sunan da bulala ta fitar, wa zai biya kuɗinsa?

Bayan hari irin na yankin Tillia a jihar Tahoua, inda aka kashe mutum 137 a watan Maris na 2021, maganar 'yan fada a Yamai ɗaya ce: a matse waɗanda aka kama har su yi magana. Za su yi kuwa, sai dai me za su faɗa?

Wanda aka ɗaure, aka hana shi barci kwana uku, burinsa a kwance shi. In bai san kome ba, sai ya ba da sunan wanda suke rikicin rijiya da shi. In kuwa gogaggen ɗan ƙungiya ne, ya nuna maɓoyar da aka tashi daga cikinta tun bara. Kowane suna yana cin motocin soji, da mai, da kwanaki a kan hanya mai nakiya. Ƙauyen da aka kwashe mazansa bisa ƙarya kuma ya rufe baki ke nan; gobe ko babura 50 suka wuce, ba mai kiran jandarma.

Amurka ta gwada. Ibn al-Shaykh al-Libi, wani ɗan Libiya da ke tsare a hannunta, da aka miƙa shi ga Masar aka matse shi, ya ce Iraƙi tana horar da Alƙa'ida. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya kai zancen Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003, daga baya al-Libi ya janye maganarsa. Rahoton majalisar dattawansu na 2014 ya nuna azabar CIA ba ta zama hanya mai amfani ta samun bayani ba.

Ga kuma kotu. Nijar ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa a 1998, kuma sashe na 15 ya hana kafa hujja da furucin da aka ƙwato da azaba. Lauya na nuna tabo, dosiye ya raunana, mai laifin gaske ma yana iya fita.

Aikin da ke fitar da gaskiya na haƙuri ne. A raba waɗanda aka kama tun daren farko kada su haɗa baki. Likita ya duba su, a rubuta. A karanta salularsu kafin a zauna da su. A nemo tafinta na Fulatanci ko Buzanci wanda ba ɗan garinsu ba. Mai bincike ya ɓoye abin da ya sani, ya bar mutum ya zuba labarinsa, sannan ya tambaye shi inda ya sayi mai ran kasuwar da ya ce yana gida.