Al'adar 'yan wasan besbol ba doka ba ce

Har yanzu ana jin masu kallon besbol na Amurka suna cewa doka ta hana ɗan wasa ƙara neman maki idan ƙungiyarsa ta yi fintinkau, kuma suna da uzuri, domin 'yan wasan ma haka suke ɗaukar abin. Sai dai babu wannan a dokokin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Al'ada ce ta sassauta wa wanda aka rinjaya. A Agustan 2020, Fernando Tatis Jr. na San Diego Padres ya yi bugun da ya kawo maki 4 alhali suna gaban Texas Rangers da maki 7. Ya sha suka, amma ba a hukunta shi ba. Ɗan wasan Rangers da ya jefa ƙwallo ta bayan Manny Machado, abokin wasan Tatis, don huce haushi shi aka dakatar.